Ɗakin da Na Gina wa Yaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:20 na safe

Likitar da ke binciken ciwon gidanmu ce ta ba ni wannan littafi mai shuɗin bango. Ta ce in riƙa rubuta duk abin da na lura da shi a gida. Wato game da Yaya, wa kuma? Na ce mata shekara ashirin ke nan ina wannan aikin da ido kawai, ban taɓa neman biro ba. Ta yi murmushi ta ce in dai gwada.

To ga shi. Yaya yau: tafiya lafiya lau. Riƙon kofi lafiya lau. Harshe kuwa lafiyar har ta yi masa yawa, don tun da gari ya waye take mitar na cika mata sukari a shayi.

Bari in rubuta tushen abin sau ɗaya, kada in sake. A gidanmu ba a kiran sunansa na asibiti, "tangaɗi" muke cewa, shi ma ƙasa-ƙasa. Daga ƙafa yake farawa, mutum ya riƙa tafiya kamar ya sha ya bugu. Sai hannu, sai harshe, sai keken guragu. Ya kama Kaka, ya kama Baba yana da shekara arba'in da uku. Kuma tun muna yara mun san wanda yake zaɓa: mai tambari. Wato ɗan farin gashin nan da ake haihuwar wasunmu da shi a tsakiyar goshi. Kaka na da shi, Baba na da shi, Yaya na da shi. Ni goshina baƙi wuluk, haka na 'yata Tilo.

Yaya tana da arba'in da tara yanzu, ni arba'in da biyar. Abin ya yi mata jinkiri ne kawai.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Mun dawo daga asibiti. Ofishin a hawa na uku yake. Yaya ta ce mu hau bene, na ce ko kusa, muka tsaya jiran lif kusan minti ashirin tana harara ta.

An ɗebi jininta. Ni ma na naɗe hannun riga na miƙa, na ce su ɗiba don su samu na lafiyayye su riƙa gwadawa da shi. Likitar ta ajiye biro. Da ƙyar in ta kai talatin da biyar, amma tana da irin kallon nan na shugabar makaranta.

"Malama, ke ma ai 'yar mahaifinku ce."

Na zame ɗankwali na nuna mata goshina. Ba ta yi dariya ba. Ta ce kowane mutum ƙwayoyin gadonsa bibbiyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A irin wannan ciwon, in guda ta lalace ta isa, don ita ke rinjayar lafiyayyar. Duk ɗan da mai ciwon ya haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne. Kuma ba ya tsallake ɗa ya faɗa kan jika. In ba ka ɗauka ba, 'ya'yanka sun tsira.

Na ce mata shekara ashirin da uku ina koyar da lissafi, ba ita za ta koya mini rabi ba. Yaya ta take mini ƙafa.

Ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko muna son a faɗa mana sakamakon, don ana iya shiga binciken ba tare da an ji komai ba. Yaya ta ce tana so, ta gaji da jira. Ni na sa hannu a gurbin "ina so" ko karantawa ban yi ba, tunda na san abin da ke ciki. Sati uku, in ji ta. Kafin nan in zana mata zuriyarmu a takarda: murabba'i namiji, da'ira mace, wanda ciwon ya kama a cike shi da baƙi.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Alli ya suɓuce mini sau biyu a aji uku. Allin da suke sayowa bana santsi gare shi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na shimfiɗa babbar takarda a teburin cin abinci. Rula ba na buƙata. A makaranta Malama Rula suke ce mini, saboda ina jan layi daga wannan ƙarshen allo zuwa wancan da hannu kawai, a ɗora rula a kai a ga bai kauce ba. Har sufeto ya taɓa tasowa daga kujerarsa ya gwada.

Na cike Kaka da baƙi, na cike Baba. Sai na ce bari in ƙara wa likitar nan ilimi. Duk mai tambari na ɗiga masa ja a sama, ta gani da idonta yadda ja da baƙi ke tafiya tare. Gani ya kori ji.

Yaya na gefe tana saƙa wa jaririn da Tilo za ta haifa hula. Saƙa ce kaɗai aikin da ban hana ta ba, tunda a zaune ake yi.

"Gwaggo fa?" ta ce.

Gwaggo yayar Baba ce. Shekararta tamanin da ɗaya, tambarinta ya fi na kowa faɗi, kuma har yau da ƙafarta take zuwa kasuwa ta yi faɗa da masu tumatir. Na ce ai Gwaggo kowa ya sani, tsiwarta ce ta kori ciwon. Muka yi dariya. Na ɗiga mata ja, na bar da'irarta fara.

"Baffa fa?"

"Baffa ai giya ce ta kashe shi. Kuma ba shi da tambari."

Ba ta ɗago daga saƙarta ba. "Kin taɓa ganin kwalbar?"

Na ci gaba da zanena. Layin da ya haɗa Baba da ƙanensa ya ɗan karkace. Teburin nan ƙafarsa ɗaya ta gaza, na daɗe ina cewa a gyara shi.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je wurin Inna, matar Baffa. Rabona da ita tun zaman makokin Baba. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya, hayaniya har cikin kai. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa, muka gaisa doguwar gaisuwa irin ta mutanen da ba su da abin faɗa wa juna.

Na ce, "Inna, tambaya zan yi, don Allah kada ranki ya ɓaci. Baffa yana sha?"

Ta dube ni.

"Shekara talatin da biyar nake jiran wani daga gidanku ya yi mini wannan tambayar. Sai yanzu da ya zama ƙasa."

Ko warin giya bai sani ba, in ji ta. Direban bas ne na kamfani. Ranar da ya sauko daga mota yana layi, fasinja suka kai ƙara, aka karɓe makulli a gaban kowa. Ta ce ta je har gaban Baba ta durƙusa, lokacin shi ma ya fara dogara sanda, ta ce, "Yaya, wallahi ciwonku ne." Baba ya ce ta je ta dubi goshin mijinta. Ya ce shi da ke cikin ciwon ya fi ta saninsa, kada ta laƙaba wa jarrabawar Allah abin kunyar mijinta. Daga ranar Baffa bai ƙara zama a tabarma ɗaya da Baba ba.

Ina da shekara goma lokacin. Ni ce gwanar kwaikwayon tafiyar Baffa, in bi bayansa ina layi yara na dariya. Sau ɗaya ya waiwayo ya gan ni. Ya dafa bango ya ci gaba. Wannan ban faɗa wa Inna ba.

Da zan tafi ta riƙe mini mayafi. Babban ɗanta ya fara faɗuwa a wurin aiki tun bara. Ɓoyewa suke yi, kada a ce ya gaji ubansa a sha. Na rubuta mata lambar likitar a bayan wata takarda. Kunya ta rufe ni har na kasa kallon fuskarta.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Tilo ta kira. Cikin ya shiga wata shida, wai yaron ƙwallo yake bugawa. Ta yi ta zuba, ni ina "uhm, uhm".

Can ta ce, "Mama, maigidan ya tambaye ni zancen binciken nan naku. Na ce masa don Yaya ake yi, mu babu ruwanmu. Haka ne ko?"

Ita ma Yaya take ce mata, a bakina ta ji.

Na ce layin ba ya fita sosai, zan kira ta.

Kafin aurenta ni na zaunar da iyayen mijinta, na dafa ƙirji na ce su kwantar da hankalinsu, mu reshen da babu tambari ne.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 3:10 na rana

Ni da Yaya mun kai wa likitar takardar. Ta daɗe a kanta tana bin ja da baƙi da yatsa. Na faɗa mata abin da Inna ta ce.

"Malama, kin yi mini rabin aikina."

Ta ce farin gashin nan shi ma gado ne, kuma shi ma guda ta isa ta fito da shi, amma ƙwayarsa daban, mazauninta daban, babu abin da ya haɗa shi da ƙafa. Kamar fasinja biyu ne da suka shiga mota ɗaya a tasha. Sun haɗu a jikin Kaka, sun sake haɗuwa a jikin Baba, sai muka ɗauka tafiyarsu ɗaya, alhali kowa da inda zai sauka.

Ban bari ta ƙarasa ba, na riga na yi lissafin a kaina. Rabi sau rabi. Cikin 'ya'ya huɗu, ana sa ran ɗaya ya kwashi duka biyun, ɗaya tambari kawai, ɗaya babu ko ɗaya, ɗaya kuma ciwon ba tare da tambari ba. Lissafin aji ɗaya ne, ni nake koyar da shi duk shekara. Mutum biyu muka gani muka kafa doka, muka rufe ido a kan Gwaggo, muka binne Baffa da ƙazafi. Da ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan aikin, da jan biro ya sha.

Akwai wani farin layi a ƙasan ofishin. Ta sa Yaya ta bi shi, diddige na taɓa yatsu. Yaya ta bi shi tsaf har bango, ta juyo ta dawo, har da ɗan yanga.

"Malama, ko za ki gwada?"

Na ce takalmina ba na wannan ba ne. Ta dubi ƙafata, ta rubuta wani abu.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Na ba da takalman nan sadaka. Ba su da tsini, amma dai ƙasansu ya cinye.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:05 na safe

Yaya: tafiya lafiya lau. Kofi lafiya lau.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na gina mata ɗakin ƙasa, shekarar da baban Tilo ya rasu na dawo da Yaya wurina. Ni na zana shi da hannuna. Ƙofa mai faɗi yadda keke zai wuce, babu dokin ƙofa, sannan ƙarfen dafawa a jikin bango tun daga bakin katifa har banɗaki. Da tef na auna daidai ƙugunta, na tsaya a kan mai walda har ya gama, don na san halinsu. Tawul take ratayawa a kai, da zaren saƙa. Benen kuwa na haramta mata shi. Matakala goma sha huɗu ne, ni kaɗai ke hawa.

Na san goma sha huɗu ne saboda ƙirgawa nake yi. Ban san yaushe na fara ba. Yau da na sauko rana ta hasko ta taga, sai na ga wani dogon tabo a jikin bangon benen, daga sama har ƙasa, daidai inda hannu ke kaiwa. Ba na jiya ba ne, ba na watan jiya ba.

Fentin nan ma dai tun farko ba mai kyau ba ne.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Ban rubuta komai a allo ba yau. Na ce su buɗe shafi na sittin su yi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Ina kallon Yaya tana saƙa. Allura biyu, zare siriri, hannu ko gezau.

Ta fi ni kai, wannan ko maƙiyi ya sani. Ta ci jarrabawar makarantar koyon jinya, takardar ta zo har gida. Baba ya riƙe ta da hannunsa mai rawa ya ce, "Wa zai miƙa jijiyarsa ga hannun da zai koma haka?" Ba da mugunta ya faɗa ba, kuka yake yi. Ta ninke takardar ta sa a akwati. Mai kemis ɗin bakin titi ya yi shekara uku yana zarya, mutumin kirki, ita da kanta ta sallame shi, ta ce ba za ta haifa wa kowa tangaɗi ba.

Ni kuwa Baba cewa yake, "Ke ce ƙafafun gidan nan." Ni ce aike, ni ce tura keke, ni ce asibiti. Ina mita a baki, amma in zan faɗi gaskiya sunan yana yi mini daɗi.

Saura kwana huɗu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Ambulan biyu ne a kan teburin likitar. Ta buɗe na Yaya.

Ba ta da shi. Ba jinkiri ya yi mata ba, tun ranar da aka haife ta babu shi a jikinta, kuma ba zai zo ba.

Yaya ta ce, "A sake dubawa."

"An duba sau biyu, Hajiya."

Ta kai hannu ta taɓa goshinta ta saman ɗankwali. Shi ke nan abin da ta yi. Ni ce na yi ta hamdala da ƙarfi kamar an aiko ni. Likitar ta ɗora yatsa a kan ɗaya ambulan ɗin ta dube ni. Na ce ina da aji ƙarfe ɗaya, ta ajiye mini. Ta ce babu gaggawa, haƙƙina ne in karɓa, haƙƙina ne in bari.

Yaya ta sauka ta bene, hawa uku. Ni na jira lif.

Laraba dai, ƙarfe 6:30 na yamma

Tana zaune a tsakar gida tun da muka dawo, saƙar a cinyarta ba ta taɓa ba. Na ce, "Yaya, ai abin godiya ne." Ta ce, "Na ji."

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Mun yi faɗa. Rabonmu da faɗa na gaske tun muna 'yan mata.

Na dawo na tarar ta ɗauko bokiti cike da ruwa za ta haye sama, wai za ta wanke bangon bene. Bakina ya riga ni.

"Ajiye, Yaya, za ki faɗi."

"In faɗi mana. Shekara arba'in da tara ban taɓa faɗuwa ba, ba ku bar ni ba."

Raina ya ɓaci. Na ce ashe laifi na yi. Na lissafa mata ɗakin, da ƙarfen, da canjin makarantar da na ƙi karɓa har sau biyu don kada in yi nisa da ita. Ta bari na gama tas.

"Wa ya aike ki?" ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ke kin yi karatu, kin yi aure, kin haihu, kin zama Malama Rula. Ni na zama mai jiran ciwo. Kullum safiya idonki a kan kofina. Kin san wani lokaci da gangan nake girgiza shi, don in ga yadda kike zabura? Har wani haske fuskarki take yi. Daɗi kike ji, ƙanwata. Ba na cewa ba kya sona. Amma kina son in zama mai buƙatarki."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce.

Ta ɗauki bokitinta. A mataki na uku ta tsaya.

"Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai Allah ya ba ido. Ɗakina a ƙarƙashin benen nan yake. Wata takwas ke nan ina jin yadda kike saukowa. Yarinyar can tana ɗauke da ciki, ke kuma kin bar takarda a hannun mutane."

Ta wanke bangon tas. Ina zaune a ƙasa ina jin ƙarar soso.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Ta fita tun safe ita kaɗai, ba ta ce mini ga inda za ta ba. Na leƙa ƙofa ya fi sau goma. Ta dawo ƙafa a kumbure tana dariya, wai ta shiga bas ɗin da ba shi ba har sau biyu, kwandasta ya ce Hajiya ko baƙuwa ce a garin. Ta ce masa eh.

Makarantar jinyar ta je. Ta ce kawai so take ta ga ƙofar. Da ta gani kuma sai ta shiga, ta tambaya ko suna ɗaukar tsofaffi. Akwai wani kwas na wata tara, na kula da marasa lafiya a gida, ba ruwansu da shekaru. Ta zaro fom daga jaka ta ajiye a tebur.

Na ɗauki fom ɗin ina dubawa.

"Ba don ke ba ne, kada kanki ya kumbura," ta ce. "Tun kina zanen gida da alli a ƙasa nake son abin nan."

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe 6:00 na safe

Gobe zan je in karɓi ambulan ɗina.

Talata, 2 ga wata, ƙarfe 6:00 na safe

Gobe.

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Na je. Yaya ta raka ni. Mun sauko ta bene, ita a gaba, hannuna a kafaɗarta.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Na ɗauko takardar zuriyar da likitar ta dawo mini da ita. Na fara cike murabba'in Baffa da baƙi, na roƙi Allah ya yafe mana abin da muka yi masa. Sannan da'irata. A hankali na yi, ban fita daga da'irar ba ko kaɗan. Da saurana.

Likitar ta ce magani dai babu tukuna, ba za ta yi mini ƙarya ba. Akwai motsa jiki da ke taimakawa, kuma ba kowa yake yi wa sauri ɗaya ba. Ta ce jinin iyalai irin namu ne ke nuna musu inda za su tono, ko mu ba mu ci moriyar ba wataƙila na bayanmu su ci. Ɗan Inna ya je wurinta ranar Litinin, shi da uwarsa.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda an ce in rubuta duk abin da na lura da shi a gida.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Na shiga aji uku da babbar rular katako a hannu. Ajin ya yi tsit. Can baya aka yi ƙus-ƙus. Na ce wanda abin ya ba dariya ya fito ya ja layin da hannu mu gani. Babu wanda ya motsa. Layin ya fita tsaf, muka ci gaba da darasi.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Tilo ta zo, ni na kira ta. Na shirya maganar tun jiya kamar darasi, da gabatarwa da misali, amma da na ga cikin nan a gabana komai ya watse. Takardar kawai na shimfiɗa. Yaya ce ta yi bayanin ja da baƙi, da fasinja biyu, da Baffa. Tilo ta bi layi da yatsa daga Kaka zuwa Baba, daga Baba zuwa da'irata. Nan yatsan ya tsaya. Sannan ya gangara zuwa tata.

Na ce, "Ki yafe mini. Ni na ce miki babu komai. Ni na faɗa wa mutanen gidanku."

Ta yi kuka, na yi. Ta daɗe hannunta a kan cikinta.

"Rabi da rabi ne ko, Mama?"

"Rabi da rabi."

"To a bar mini rabina mai kyau in riƙe tukuna. Zan faɗa wa maigidan yau da bakina. Gwajin kuma ni zan zaɓi ranar yinsa, in ma zan yi." Ta share ido da gefen mayafi, ta dubi ƙofar ɗakin Yaya. "Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki gina mini ɗaki. Kada ki riƙa kallon kofina. Kuma yaron nan in ya zo, a bar shi ya hau duk abin da ya ga dama ya faɗo."

Yaya ta miƙa mata hular da ta gama, ta ce, "Ta gaji tsiwar Gwaggo, wannan ko ba a gwada jini ba."

Talata, 9 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Na dawo daga makaranta na tarar da kayana a ɗakin ƙasa. Littattafaina, fitilar karatu, har hoton baban Tilo an kafa a bango. Akwatin Yaya kuma yana sama. Ita kaɗai ta yi jigilar, sawu tara in ji ta, tana haki tana alfahari.

Na ce ban kai nan ba tukuna.

"Na sani. Ni ma shekara goma sha ɗaya ban kai ba. Ba don ke na yi ba, tagar sama nake so, ana hango titi."

Na tsaya a tsakiyar ɗakin da na zana da hannuna. Ban taɓa lura ba, tagarsa bangon maƙwabta kawai take kallo. Na kai hannu kan ƙarfen, sai da na ɗan sunkuya. Na fi Yaya tsawo da kusan yatsa huɗu, kuma daidai ƙugunta na auna.

"Ya yi miki ƙasa," ta ce. "Sai a kira mai walda ya ɗaga shi."

"Ba yanzu ba."

"Ba yanzu ba. Rataya tawul abinki. Amma tsaya in auna, kada ranar ta zo mu tsaya neman tef."

Ta ɗauko tef ɗin a inda nake ajiye shi, ta zaro guntun alli daga jakata. Na tsaya jikin bango kamar 'yar aji ɗaya. Ta dafa ƙuguna, ta sa alama, ta ja layi a saman ƙarfen daga bakin katifa har ƙofar banɗaki, da hannu kawai.

Ya karkace, wajen tsakiya ya yi ciki sosai. Rular tana nan a kan tebur, kusa da hannuna.

"Ya yi?" ta ce.

Na ce ya yi.